Mushe Biyu Ne a Hausa

Kwanakin baya ina zaune a tsakar gida ina shan iska, sai na ji surukata, matar ɗana, ta ɗaga murya ta kira 'yarta ta fari da sunanta na yanka, ba ko kwana, har da ƙara mata "'yar lelena". Yarinyar ta sheƙo da gudu ta faɗa jikinta, uwar ta rungume ta a gaban kowa tana shafa mata kai. Ni da ba ni aka kira ba, ni ne na sunkuyar da kai na shiga gyara hular da ba ta karkace ba. Ban ce ta yi laifi ba, zamaninta ne, kuma ga dukkan alamu yarinyar ba abin da ya rage ta. Amma tun daga ranar zuciyata ta koma gidanmu na Shinkafi ta ƙi dawowa, gidan da yanzu ko ziyara za a kai sai an yi ta tambayar lafiyar hanya kafin a kama ta.

A wancan gida ba agogo ke tada mutum ba, lugude ne. Kafin gari ya gama wayewa taɓare sun fara amsa wa juna daga wannan gida zuwa wancan, ta zaure kuma muryar mahaifina na tashi yana biya wa manyan ɗalibansa littafi, yana faɗin Larabci yana fassarawa da wata irin Hausa mai nauyi wadda ba a ciniki da ita. Ranar Alhamis kuwa garin ba namu ba ne. Tun hantsi za ka ji kukan shanu da gunjin raƙuma, da manyan motoci na nishi a cikin rairayi, da bakin mutanen ƙetaren iyaka waɗanda Hausarsu tamu ce amma an barbaɗa mata wani gishiri daban. Aikina a lokacin bai wuce ɗebo ruwa, da yanko wa tumaki ciyawa, da wanke alluna ba. Yau idan na ce wa jikokina mutum na iya sanin ranar mako da kunnensa kawai, sai su dube ni da irin duban da ake yi wa tsoho idan ya fara.

Ni ɗan fari ne. Wanda bai rayu a wancan zamani ba zai ɗauka gata ne, to ba gata ba ne, wani irin zama ne na baƙo a gidan ubanka. Inna, mahaifiyata, ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana, ba ta haɗa ido da ni. Kunya ce ta ɗan fari, kuma a gidan malamai irin namu ana riƙe ta da hannu biyu. Kakata ta wajen uba ce ta goye ni, a ɗakinta na tashi. Idan na shigo tsakar gida, nan take Inna za ta tuna da wani aiki a bayan rumbu. Idan akwai abin da take so in sani, sai ta faɗa wa iska, ko ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wancan tumaki ba su sha ruwa ba," alhali wancan ɗin yana tsaye bai fi taku kaɗan da ita ba. Na fi sanin bayanta da fuskarta. Na san ƙarar awarwaronta idan tana tankaɗe, na san irin tarin da take yi idan hayaƙi ya shige ta, na kuma san cewa ƙwaryar furata ta fi ta kowa kauri, ko da yake ba wanda ya taɓa cewa ita ke dama ta. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya ba, kowane ɗan fari a unguwarmu haka yake. Sai dai yaro yaro ne, wani lokaci nakan laɓe a bayan danga don kawai in ji yadda muryarta take idan tana dariya.

A wannan laɓe ne na lura bakinta ba irin na sauran matan gidan ba ne. Kyandir a wurinta buji ne, babbar mota kamyo, ɗan ƙyallen share zufa mushuwar, jakar da mata ke ƙulle 'yan kayansu fartamani, makarantar boko kuwa lakwal. Ƙannena sukan kwaikwaye ta su yi ta dariya, ita kuma ta bi su da muciya. Abin da muka sani kawai shi ne iyayenta sun ƙetaro daga arewa tana 'yar yarinya, suna gudun aikin tilas na Faransawa, suka zauna a Badarawa, daga can aka auro ta. Ba ta ba da labarin can, ba a kuma tambayarta.

Da aka matsa wa kowane gida ya ba da yaro a boko, ni aka bayar. Daga firamare sai kwaleji, daga nan na san Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya zo ya tuƙe. Har yau ina jin kukan jirgin nan a kunnena, da ƙamshin gyaɗa a cikin buhuna, da ihun 'yan dako. A kwalejin aka kawo mana wani malami mai koyar da Faransanci. Ranar farko ya shigo da 'yan tarkace a hannu, ya ɗaga kyandir sama ya faɗi sunansa da harshen. Muryar Inna na ji, ta fito daga bakin wani ƙato mai taye a wuya. Ya ɗaga ƙyalle, na riga shi faɗa a zuci. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma abin da ya sa na bi wannan harshe har jami'a ke nan. Mutane sun ɗauka son zuwa ƙasar waje ne. Ni kuwa gani nake kamar na sami wata ƙofa ta baya da ke shiga ɗakin da aka hana ni shiga ta gaba.

Dangin mahaifina ba su ji daɗi ba. Boko ma da ƙyar aka haɗiye shi, balle yaren mutanen da rabin tsofaffin garin suka gudo daga bulalarsu. Na gama digiri, aka turo ni koyarwa a wata sakandare a Ƙaura, ina jin kaina, ga keke sabo, ga alƙalami a aljihun gaba. Ban daɗe ba ƙanwata ta zo gari wajen wani suna, ta biyo ta wurina. Tun daga ƙofa take dariya har tana riƙe ciki.

"Yaya, albishirinka. Inna ta yi maka suna."

Na ce, "Wane irin suna?"

"Da anka hwaɗa mata aikin da kaka yi, sai tac ce, ashe wancan ya zama mushe. Yanzu ba ta cewa wancan. Sai dai a kai ma Mushe hura, Mushe ya zo gida? Wallahi har Baba sai da yay yi murmushi."

To, kowa ya san mushe. Dabbar da ta mutu ba yanka, wadda ake ja da igiya a kai bayan gari a bar wa ungulu. Kafin wata ya zagayo sunan ya hau motar Alhamis ya iso Ƙaura. A tasha 'yan kamasho na ganina sai su ce a matsa wa Mushe ya shiga gaba, kada ya dami fasinja da wari. Mahautan bakin kasuwa, waɗanda ba su da aiki sai tsokana, idan na zo sayen nama sai babbansu ya ɗaga wuƙa ya ce, "Malam, mu nan halas muka saidawa, kada ka tsaya kusa a yi muna shaida." Ina dariya tare da su, don in ka nuna ya yi maka zafi ka saya wa kanka har abada, amma in na koma ɗaki ko abincin ba na iya ci. Wanda ya fi ƙona ni wani baffana ne, ƙanen mahaifina, da ya same ni a zaure ya ce, ba da wasa ba, "Ɗan malam da ya bar Ƙur'ani ya kama yaren Faransawa da sojansu masu jar hula, mi ya rage gare shi? Ko uwar da ta haihe ka ta hwaɗi abin da ka zama."

Abin da ya sa maganar ta zauna mini a ƙirji shi ne na san abin da baffa bai sani ba, kuma sanin bai cece ni ba. Mushe biyu ne a Hausa. Akwai namu na ungulu, akwai kuma na mutanen ƙetare, wanda suka ciro daga kalmar Faransanci ta girmama namiji, suke kiran malamin lakwal da shi. A rubuce ɗaya suke, a baki ne suka rabu. Na ungulu yakan fara da murya sama ya faɗo ƙasa. Na malami yakan fara ƙasa, ya hau, sannan ya sauko a hankali a ƙarshe. Da zan ji Inna ta faɗa sau ɗaya, da na san wanda take nufi. Amma ba ta faɗa a inda nake, ƙannena kuwa da aka haifa a wannan gefen mushe ɗaya suka sani, da muryarsa suke kawo mini. Na taɓa jan ƙanwata gefe na ce ta faɗa mini daidai yadda Inna ke faɗa. Ta dube ni ta ce, "Yaya, karatu ya hwara taɓa ka? Mushe dai tac ce. Mushe nawa na?" Ina iya cewa ai daga ƙetare ta zo, malami take nufi. Sai wata zuciyar ta ce, matar da iyayenta suka gudo da ita daga hannun mutanen nan, wadda ba ta ko son a ambaci can, me zai sa ta yi murna ɗanta ya zama bakinsu? Shekaru na yi ina juya wannan, kuma ba tambayar da ɗan fari zai iya aikawa ba ce.

Da na koma jami'a neman digirin digirgir, ban wahala wajen zaɓen abin da zan bincika ba: kalmomin Faransanci da suka ƙetaro iyaka suka zauna a bakin mutanen da ba su taɓa shiga aji ba. Aka haɗa ni da wata malama da za ta duba aikin, 'yar wata ƙasa ta bakin teku inda ake Faransanci, doguwa, mai furfura a goshi, ba ta dariya sai da dalili. Madam muke ce mata. Hausarta ba ta wuce gaisuwa da cinikin tumatir ba, amma kunnenta ba ya barin komai ya wuce. A lokacin bincike da ƙafa ake yi. Ba irin na yanzu ba da yaro zai zauna a ɗaki yana latsa waya ya ce ya tattara bayani. Rikoda ce mai nauyin tulu, da batura da ke mutuwa a tsakiyar zance, da motocin da ke kafewa a gulbi da damina a fito a tura. Na zaga tashar Ƙaura, na zaga karar shanu ta Shinkafi, na je Zurmi na zauna da dillalai da direbobi, na cika kaset-kaset na kai mata ina jiran yabo.

Ta saurara, ta kashe rikodar, ta ce duk waɗannan matafiya ne. Mutumin da ke kwana Maraɗi duk mako, in ya ce kamyo, ba Hausa ce ta ari kalmar ba, shi ne ya ɗauko ta a hanya kamar ƙura a riga. In ina so ta yarda kalmomin sun zauna, in nemo mata wanda ba ya tafiya, tsohuwa a cikin gida, kuma za ta zo ta ji da kunnenta. In babu, in nemi wani abin bincike. Na koma Zurmi na yi ta sallama a ƙofofin mutane. Wace tsohuwar kirki ce za ta zauna da baƙon namiji da akwatin da ke sace murya? Wata daga cikin ɗaki ta ce a ce mini ba ta nan, ina jin muryarta. Da na dawo Shinkafi a gajiye na ba ƙanwata labari, sai ta ce, "Kai dai da neman nesa. To ga Inna?" Na ce ta rufa mini asiri. Ba ta rufa ba, ta je ta gaya wa mahaifinmu, shi kuma ya ce baƙuwa mace ce, ba laifi ta shiga. Aka tambayi Inna, aka ce ta ce baƙo ba a kore shi.

Sai da muka kama hanya da Madam na gane abin da na jawo wa kaina. Ba mai Faransanci a gidan sai ni. Ke nan ni ne tafinta, ni zan zauna tsakanin mahaifiyata da baƙuwa, duk abin da ɗaya ta faɗa ya bi ta bakina. Na yi ƙoƙarin bayyana wa Madam al'adar a mota, ta gyaɗa kai ta ce abin sha'awa ne, irin gyaɗa kan wanda ya ji amma bai gane ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu. Inna ta fito da mayafi har goshi, ta zauna tana fuskantar baƙuwa, ta jawo ƙwaryar gyaɗa tana ɓara don hannunta ya sami abin yi. Ƙanwata ta zauna kusa da ita. Ni na raɓe a can gefen tabarmar, na ba su kafaɗa, rikoda a cinyata, na miƙa abin ɗaukar magana da hannu ɗaya ina kallon ƙasa. Matan gidan duk sun sami aikin yi a kusa. Tun da aka haife ni ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba.

Madam ta fara da abin da ake fara wa kowa, ta ce a tambaye ta 'ya'yanta nawa, su wane ne. Na faɗa da Hausa, ina yi wa turmi magana. Inna ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya, ta fara daga mai bi mini. Madam ta nuna ni da alƙalami ta ce, shi fa? Ban fassara ba, amma yatsa ba ya bukatar tafinta. Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale a bayan danga. Inna ta ɓare gyaɗa guda, ta hura ɓawon, ta ce wa baƙuwar, "Wanga ɗan gidan ga na." Dole na juya wannan zuwa Faransanci da bakina, na ce, wannan ɗan gidan nan ne. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Daga nan Madam ta buɗe jakarta ta fara fito da abubuwa. Ta ɗaga kyandir. Inna ta ce buji, tana mamakin wannan babbar mace da ba ta san sunan buji ba. Ta ɗaga ƙyalle, ta ɗaga 'yar jaka, ta nuna hoton babbar mota. Inna na faɗa, Madam na rubutu, har na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce mini a hankali aikina ya tsaya da ƙafarsa. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, amma ko daɗinsa ban ji ba, so nake kawai a tashi. Sai ta ce a tambaye ta a ina ta sami waɗannan kalmomi.

Inna ta ce, "A lakwal."

Ƙanwata ta saki baki. Ni ma ban san lokacin da na ɗago ba. Ba wanda ya taɓa sanin Inna ta shiga aji.

"Ina ƙarama, can garinmu, anka kahwa wata rumhwa ta kara bakin kasuwa. Anka kamo ɗiya, har da ni, don ubana ba shi da namiji. Rani guda niy yi. Mai koya muna baƙin mutum na kamar mu, da keke nai da hwarar riga. Shi ba ya bugu. Yakan aza hannu bisa kaina shi ce wagga tana da kai. Rannan da dare ubana yac ce mu tashi, an rubuta shi aikin hanya. Ko allon ban ɗauko ba."

Ka'idar tafinta ita ce ya yi magana da bakin mai magana, ba ya cewa ta ce. Haka aka koya mana, haka Madam ke so. Sai ga ni, ƙato da gemu, ina faɗa da Faransanci: ina ƙarama, ya aza hannu a kaina, ko allon ban ɗauko ba. Na tsaya a tsakiyar zance, na yi tari na ɗora wa ƙura laifi. Madam ba ta dube ni ba, Allah ya saka mata. Ta ce a tambaye ta ko akwai abin da ta riƙe daga ajin, ko waƙa, ko ƙidaya, ko mene ne.

Na isar da tambayar. Inna ta ce ƙidayar ta zube, waƙar ma ta zube, saura abu guda, wanda suke yi kowace safiya idan ya shigo. Madam ta ce ta faɗa. Inna ta ce ba a faɗinsa a zaune.

Ta ajiye ƙwaryar. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta sauke hannuwanta a gefe ta miƙe sosai yadda aka koya wa 'yar yarinya a rumfar kara. Na ɗauka baƙuwar za ta fuskanta. Sai na ga ƙafafunta sun juyo wajena. Ba ta dubi idona ba, hulata ta duba, amma ni ta fuskanta, a gaban ƙanwata da matan gida da baƙuwa. Ta ce:

"Bonzur, Mushe."

Ya fara ƙasa, ya hau, ya sauko a hankali.

Kaset na ta juyawa a cinyata. Ban iya motsi ba. Mahaifiyata na tsaye a kaina, ni ina zaune, abin da ko ɗan da ba shi da tarbiyya ba zai yi ba, ga rikoda ta danne ni. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba, ban kuma sake ji ba. Kunyar zaman da nake, da kunyar idon mutane, da kunyar shekarun da na yi ina zargin wannan baki da abin da bai faɗa ba. Ita kuwa ba ta zauna ba. Ƙanwata ta ja gefen zanenta ta ce, "Inna, zamna mana, an ji." Inna ta ce mata, ba tare da ta juya ba, "Ba a zamnawa sai mushe ya ce."

Madam ta sunkuyo ta ce mini da Faransanci, ƙasa-ƙasa, "Kai take jira."

Na san amsar, kullum ina faɗa wa ɗalibaina ita ba tare da na ji komai ba. Ranar sai da na nemo ta kamar ban taɓa karatu ba. Na ce, "Bonzur. Aseye-bu." Wato barka, ku zauna.

Ta zauna. Ta jawo ƙwaryarta ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, ta ce wa ƙanwata ta dubo ko furar baƙuwa ta yi sanyi.

Washegari komai ya koma yadda yake. Na shigo tsakar gida, ta tuna da aiki a bayan rumbu. Haka muka ci gaba har Allah ya karɓi abinsa, ba ta ƙara ba, ni ma ban nema ba. Da Hausa ba za ta iya ba, harshen da aka goye ta da shi ya san kunya. Sai da ta ari na wasu, wanda ba ruwansa da ɗan fari, ta gaishe ni sau ɗaya. Na gama digirin, aka fara ce mini Dokta. A cikin kundin, inda ake rubuta sunayen waɗanda aka ji magana daga bakinsu, kowane direba da dillali na sa sunansa, ita kuwa na rubuta wata tsohuwa a Shinkafi. Wani daga cikin masu jarraba ni ya tambayi dalili, na ce ba ta so a faɗa. Hannuna ne ya kasa. Mahautan Ƙaura ba su san da wani Dokta ba, suka ci gaba da tsokanarsu har tsufa ya raba mu, ban kuma taɓa gyara musu murya ba. Wannan ba nasu ba ne.

Kaset ɗin zafi ya cinye shi tun tuni, jirgin Ƙaura ya yi shiru, waɗanda ke tsakar gidan ranar duk sun tafi sai ni. Yanzu uwa na kiran ɗanta na fari a waya ta yi awa tana zuba, kuma na ce ban ga laifinsu ba, wataƙila ma sun fi mu hankali. Ni dai abin da na taɓa gaya wa mahaifiyata baki da baki a duniya bai wuce in ba ta izinin zama ba, shi ma da yaren mutanen da suka kore ta daga garinsu. Kuma ko a ranar ban tashi mata ba.

Shi ya sa in abin ya faɗo mini, ko a ina nake, sai in ji ba zan iya zama ba. Ranar da surukata ta kira 'yarta, ban san na miƙe ba sai da ta juyo ta gan ni tsaye a tsakar gida, hannuwa a gefe, ba sanda. Ta ce, "Baba, lafiya? Wani abu kake so?" Na ce mata lafiya lau, ta ci gaba da aikinta. Na daɗe a tsaye. Ba wanda ya rage da zai ce mini in zauna.